H4 ko L4: wace giya ce ta fi tausaya wa tsohuwar mota idan kwalta ta ƙare?

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Land Cruiser ko Hilux da mitarta ta haura kilomita 300,000 ya san ƙaramar libar nan da ke gefen babbar libar giya, wadda direbobi ke kira ogzilari. A kanta an rubuta H2, H4, N da L4: H2 tayoyin baya biyu kaɗai ke jan mota, H4 duk tayoyi huɗu ke ja (abin da ake kira ƙafa huɗu) da gudun da aka saba, L4 ƙafa huɗu ce mai ƙarancin gudu da yawan ƙarfi, N kuwa ba giya. Direbobi da yawa ba su taɓa kai ta L4 ba, kuma idan ka tambaye su dalili amsar kusan ɗaya ce: mota ta tsufa, L4 ƙarfinta ya yi yawa, kada ta ɓalla wani abu a daji. Sai su shiga yashi da H4, su faɗa taɓo da H4, su hau dutse da cikakken lodi da H4, kuloci na ƙauri, su kuwa a ganinsu lallaɓa motar suke yi. Tsoron nasu yana da tushe, domin akwai abin da L4 ke karyawa. Amma ni a ganina a mafi yawan wuraren da tsohuwar mota ke shan wuya, H4 ce ke cin ta, kuma ya kamata mai irin wannan mota ya san abin da kowace giya ke ci kafin ya zaɓa.

Da farko a kawar da wani zato. A motar da ake saka wa ƙafa huɗu da hannu, irin su Hilux da Land Cruiser 70, L4 ba ta ƙara wa taya damƙar ƙasa ko kaɗan a kan H4. Dukansu biyu suna ɗaure farfelar gaba da ta baya, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin gaba da na baya, su juya tare. Bambancin yana cikin ƙaramin giyabos ɗin da ke bayan babban giyabos, wanda ke raba ƙarfi gaba da baya. A H4 abin da ya shigo shi yake fita. A L4 sai ƙarfin ya bi ta wasu haƙora da ke rage gudu su ninka ƙarfin murɗawa. Yawan ninkin ya danganta da mota. Land Cruiser 80 tana ninka sau 2.488, Hilux Vigo sau 2.566, Nissan Patrol Y61 sau 2.02, Pajero wajen 1.9, Land Rover Defender wajen 3.3, Jeep Wrangler Rubicon kuwa har sau 4. Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ake yin ta, tana tsakanin 2 da 2.5 gwargwadon shekarar motar. Ke nan a yawancin motocin da ke hannun mutanenmu, L4 tana rage gudun kowace giya zuwa ƙasa da rabi ko kusa da haka, ta ba inji damar jan nauyi ɗaya da ƙasa da rabin wahala.

Lissafin ya fi fitowa fili idan aka ɗauki mota guda. Hilux Vigo mai injin dizal 3.0 da giyar hannu biyar tana da giya ta ɗaya 4.31, ta biyu 2.33, ta uku 1.44, ta huɗu 1.00, ta biyar 0.84. Dubi ramin da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu, kusan ninki biyu ne. A cikin yashi mai laushi wannan ramin shi ne ke kafe mota: a ta ɗaya inji na ihu mota ba ta da gudun da za ta yi iyo a saman yashin, ka saka ta biyu inji ya shaƙe, kafin ka dawo ta ɗaya mota ta tsaya cik. Idan ka koma L4, giyoyin nan biyar sai su zama kamar 11.1, 6.0, 3.7, 2.6 da 2.2. Ta uku a L4, wato 3.7, ta zauna daidai cikin ramin nan. Ta huɗu a L4 kuma kusan ita ce ta biyu a H4. Saboda haka mai cewa L4 giyar rarrafe ce kawai bai ga rabin amfaninta ba. Tana ba ka giyoyi biyar kusa da juna a cikin gudun da bai wuce kilomita 40 a awa ba, inda H4 ke ba ka biyu kacal.

To me H4 ke ci? Zafi take haifarwa, kuma zafi ne babban abokin gabar tsohuwar mota. Idan giya ta yi wa wuri tsawo, direba ba shi da zaɓi sai ya riƙe kuloci rabi yana taka totur, don inji kada ya mutu. Duk daƙiƙar da farantin kuloci ke gogar ƙarfe bai kama ba, cinyewa yake yi. Sabon faranti zai jure wannan na ɗan lokaci. Wanda ya yi shekaru yana aiki, ya riga ya yi siriri, hawa ɗaya da lodi ya isa ya ƙarasa shi, kuma kuloci idan ya ƙone a daji sai an sauke giyabos, aikin da ba a yin sa a gindin bishiya cikin sauƙi. Injin ma yana shan nasa. Dizal da aka danne da totur alhali juyinsa ya yi ƙasa yakan fitar da baƙin hayaƙi, zafin cikin silinda ya hau, ga mota ba ta gudu balle iska ta ratsa lagireto. Tsohon lagireto da ya toshe rabi, da fanka da ta saki, ba za su iya kwashe wannan zafin ba. Daga nan ake samun ƙonewar gasket da tsagewar kan inji.

Mota mai giyar otomatik abin nata ya fi ɓoyuwa, shi ya sa ya fi haɗari. Ba ta da kuloci da zai yi ƙauri ya gargaɗe ka. Tukunyar man da ke tsakanin inji da giyabos, wadda makanikai ke kira kwanbata, ita ke zamewa a madadin kuloci, kuma duk zamewar nan zafi take zama a cikin man giya. Ka yi rabin awa kana turzawa a yashi da H4, mai ya yi zafi ya ƙone, farantan cikin giyabos su fara lalacewa, kai kuwa ba ka ji komai ba sai bayan makonni giya ta fara jinkirin shiga. A L4 kwanbata ba ta zamewa sosai domin nauyin da take ja ya ragu. Mai Prado ko Land Cruiser 80 ko 100 otomatik da ta tsufa, shi ya fi kowa bukatar L4, kuma shi ne ya fi kowa ƙin taɓa ta.

Yanzu a zo ga abin da L4 ke karyawa, domin gaskiya ne tana karyawa. Duk abin da ke bayan ƙaramin giyabos shi ke karɓar ninkakken ƙarfin: kuros ɗin farfela (gaɓar da ke bakinta), haƙoran difaranshal (abin da ke raba juyi tsakanin tayoyi, ya bar ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana), shaf na cikin akzil (sandar da ke juya taya), sai gaɓoɓin da ke barin tayar gaba ta juya tana lanƙwashe. A Land Cruiser 70 da 80 masu sandararren akzil a gaba, gaɓar nan Birfield ce, tana zaune cikin ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya. A Hilux Vigo da Prado shaf ne mai gaɓa biyu a cikin roba. Waɗannan idan sun tsufa sukan yi sako-sako, kuma sako-sakon ƙarfe ba ya son fizga. Amma a lura da yadda karyewar ke faruwa. Kusan kullum ɗayan abu uku ne. Ko dai taya ta tashi sama tana juyawa da gudu a iska sannan ta faɗo ta damƙi dutse farat ɗaya. Ko an murɗe sitiyari har ƙarshe sannan aka taka totur da ƙarfi, alhali gaɓar ta fi rauni a lanƙwashe. Ko kuma an ɗaura igiya a gaban mota ana fizgo wata da ta kafe da ribas, wanda ke ɗora nauyi a gefen haƙoran difaranshal na gaba da ba a yi shi don haka ba. Land Cruiser 80 ta yi suna wajen zubar da haƙoran gaba ta wannan hanya.

A nan ne nake ganin ma'aunin ya karkata. Abin da ke iyakance ƙarfin da akzil ke ɗauka shi ne damƙar taya da nauyin da ake ja. Mota mai tan uku da za ta hau wani tudu tana bukatar ƙarfi iri ɗaya a taya, ko da H4 ta hau ko da L4. Bambancin shi ne yadda ƙarfin ya iso. A L4 yana zuwa a hankali, kuloci a sake gaba ɗaya, inji a natse. A H4 sau da yawa sai an ja da baya an taho da gudu, mota na tsalle, tayoyi na tashi suna faɗuwa, kuma wannan tsallen shi ne ainihin abin da ke ɓalla shaf. Ɓarnar H4 a wuri mai wuya tabbas ce, tana faruwa ko direba gwani ne. Ɓarnar L4 kuwa tana jiran ƙafa mai nauyi. Wanda ya iya riƙe ƙafarsa ya kawar da mafi yawanta.

Yashi shi ne inda gardamar ta fi zafi, kuma masu goyon bayan H4 suna da hujja. Yashi yana son gudu. Mota da ke tafe da ɗan sauri tana bi ta samansa, wadda ta rage gudu tana nutsewa. A shimfiɗaɗɗen rairayi mai ɗan tauri, irin wanda ake samu a wurare da dama na hamadar Tenere a Nijar, tsakanin Agadez da Dirkou, ko da sassafe lokacin da sanyi da raɓa suka ɗaure yashin, H4 ce daidai. Ka saka L4 a nan sai ka yi ta kona mai inji na kuka a banza. Amma idan rana ta take yashi ya saki, ko aka shiga tuddan rairayi irin na wajen Bilma ko na Yusufari a arewacin Yobe, tambayar ta koma kan inji: yana da ƙarfin riƙe giya ta biyu a H4? Sabuwar mota mai turbo ko babban injin fetur tana iyawa. Injin 1HZ kuwa, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, ƙarfinsa wajen doki 130 ne yana sabo, ba shi da turbo. Inji ne mai haƙuri da tsawon rai, shi ya sa ake ƙaunarsa daga Agadez har Faya a Chadi, amma ka ɗora masa mutane da jarkokin ruwa da durom na mai bayan ya yi shekara ashirin yana aiki, ba zai riƙe ta biyu a yashi mai laushi ba. Irin wannan mota L4 take so, a tashi da ta biyu, a zauna a ta uku ko ta huɗu. Ta ɗaya a L4 ba ta yashi ba ce, haƙa rami kawai take yi.

Kuma kada a yaudari kai, a yashi iskar taya ta fi zaɓin giya tasiri. Tayar da ke da psi (awon iskar taya) 35 ko 40 ta kwalta, idan aka sauke ta zuwa 18 ko 20, tafinta yana tsawo ya shimfiɗu, nan take za ka ji inji ya samu sauƙi. A wuri mai tsananin laushi ana sauka har 15. Ƙasa da haka taya na iya fita daga bakin rim a kwana. Mota mai nauyin lodi ba a sauke mata sosai kamar fanko, kuma mai tsofaffin tayoyi ko masu tib a ciki ya rage gudu, domin taya mai ƙarancin iska zafi take yi. Wanda ba shi da famfon mayar da iska idan ya fito ƙasa mai tauri, ya tanade shi tun kafin ya yi tunanin wata giya. Idan kuma mota ta riga ta kafe, taka totur ba ya fitar da ita. A sauka, a kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a miƙe sitiyari, a saka L4, a gwada komawa baya a hankali ta kan sawun da aka shigo, domin wannan yashin ya riga ya danne.

Taɓo kuma wani abu ne daban. A damina, hanyoyin fadama da baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Ngala suna cika zanen taya har ta zama sumul. A nan yawan ƙarfi illa ne, tunda abin da ake nema shi ne taya ta juya ba tare da ta sulale ba. L4 a giya ta biyu ko ta uku takan ba da wannan, ƙafa a tsaye wuri ɗaya, ba a canja giya a tsakiya. Taɓo marar zurfi mai tauri a ƙasa, H4 ta wadatar. Abin da ya kamata a sani shi ne yawancin motocin nan difaranshal ɗinsu na gaba da na baya a buɗe suke, wato idan taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suka rasa damƙa, su za su yi ta juyawa sauran biyun na tsaye. L4 ba ta maganin wannan. Makullin difaranshal ne ke yi, ga wanda motarsa ke da shi, ko itace da duwatsu a ƙarƙashin taya.

A kan dutse ba na ganin akwai abin kwatantawa. Hanyoyin tsaunukan Ayar, irin ta zuwa Timia, ko hanyoyin ƙauyukan tsaunin Mambila da ruwa ya zaizaye, L4 ce kawai, giya ta ɗaya ko ta biyu, mota na taka dutse ɗaya bayan ɗaya kamar raƙumi mai kaya. Tsohuwar mota tana da shokozoba da suka gaji da sifirin da suka kwanta, cikinta ya matso ƙasa, gudu kaɗan ya isa ya buga tukunyar baƙin mai a dutse. Ga kuma tsawo: Mambila ta kai wajen mita 1,600 sama da teku, iska ta yi siriri, inji marar turbo yana rasa wani kaso na ƙarfinsa tun kafin a fara hawa.

Gangara ta fi hawa hatsari, kuma nan ne L4 ke ceton rai. Mota mai lodi da ke saukowa a doguwar gangara da birki kaɗai, birkin zafi yake yi, man birkin da ya daɗe ya sha danshi yana iya tafasa, ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. A L4 giya ta ɗaya injin dizal shi ke riƙe motar, a duk tayoyi huɗu, birki sai ɗan taɓawa. A saka giyar tun a saman tudu mota na tsaye. Kada a taka kuloci a tsakiyar gangara, kada a nemi canja giya.

Ƙetare ruwa ma L4 ne, giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa, ba taɓa kuloci don kada ruwa da laka su shiga tsakanin faranti. Toyota ta ba Land Cruiser 70 zurfin milimita 700, amma wannan awon mota mai lafiyayyun sil ne, wato robobin da ke hana mai zuba da ruwa shiga. Ƙoramar da ke gudu da ƙarfi bayan ruwan sama kuwa ba a shigarta da kowace giya, jira ake yi ta sauka.

Inda L4 da H4 duka suke haramun ga motar da ake saka wa ƙafa huɗu da hannu shi ne busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba suna yin tafiya mafi tsawo fiye da na baya. A ƙasa mai santsi taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin farfela da ƙaramin giyabos yana murɗe su, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa a kwana, liba ta ƙi fita. A L4 abin ya fi muni. Tayoyi masu bambancin girma, ko sabuwa a gaba sudaddiya a baya, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin motoci, suna jawo wannan ko a miƙaƙƙiyar hanya. Don haka hawa mai kwalta komai tsayinsa, H2 ce da ƙaramar giya. Motoci masu ƙafa huɗu a koyaushe, irin su yawancin Land Cruiser 80 da 100 da Prado da Defender, suna da difaranshal na tsakiya da ke sauke wannan bambanci, amma a kula: a Land Cruiser 80 shiga L yana kulle na tsakiyar da kansa, sai ta zama daidai da Hilux a wannan fanni. Akwai dabara ga mai makullin hannu a cibiyar tayoyin gaba: a bar su a FREE a saka L4, sai a samu ƙaramar giya a tayoyin baya kaɗai. Tana da amfani wajen juya tirela ko tashi da lodi a kan siminti. Sai dai duk ninkakken ƙarfin yana tafiya akzil ɗin baya shi kaɗai, don haka aikin 'yan mitoci ne da ƙafa mai taushi, ba na doguwar hanya ba.

H4 kuwa gidanta burji ne da gargada da hanyar da ruwa ya jiƙa, inda ake tafiya kilomita 40 zuwa 70 a awa. Tana hana bayan mota wutsil-wutsil, musamman a-kori-kura marar kaya. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: idan wurin zai bari ka zauna a giya ta uku a H4 ba tare da inji ya shaƙe ba, zauna a H4. Idan ka ga kana kai-komo tsakanin ta ɗaya da ta biyu, ko ƙafarka ta hagu ta ƙi barin kuloci, wurin na L4 ne. A tsaya a saka tun kafin a shiga, ba bayan an kafe ba.

Akwai kuma wani abu da masu tsoron L4 ba sa lissafawa: rashin amfani ma yana kashe ta. Motocin Kwatano da yawa sun yi rayuwarsu ta farko a titunan birni, ba a taɓa motsa ogzilarinsu ba. Sandunan liba su yi tsatsa, makullin cibiya ya daskare da tsohon giris, sil su bushe. A motocin da ake saka giyar da maɓalli ko abin murɗawa, kamar Hilux da ta fito daga 2015, ƙaramin injin lantarkin da ke tura giyar yakan maƙale idan ya daɗe bai motsa ba, fitila ta yi ta ƙiftawa giya ba ta shiga. Littafin Toyota na motoci da dama ya ce a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a ƙafa huɗu kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. Wanda ke yin haka a hanyar ƙasa, ya haɗa da shiga L4 na ɗan lokaci, zai gano matsala a kusa da gida. A wannan fanni tsohuwar liba ta fi maɓalli aminci, domin abin da ya cije da tsatsa ana iya sassauta shi da mai da haƙuri.

Kafin ka dogara da L4 a motar da ba ka san tarihinta ba, kai ta fili mai ƙasa ka saurare ta. Kukan haƙora mai ɗan tsini a L4 ba laifi ba ne, haka take. Ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba idan an murɗe sitiyari ana tafiya, gaɓar Birfield ce ko ta shaf ta cinye. Ƙara mai ƙarfi kamar an buga guduma a ƙarƙashin kujera idan an taka totur, a motocin da ƙaramin giyabos ɗinsu ke aiki da sarƙa kamar Vigo, alama ce sarƙar ta miƙe tana tsallake haƙori. Ƙwal ɗaya duk lokacin da aka taka ko aka saki totur, a duba kuros. Liba da ke fitowa da kanta zuwa N abu ne da ba a ɗaga masa ƙafa, domin idan ta yi haka a gangara mota ta zama ba giya ke nan. Sannan a kwance noti a duba man ƙaramin giyabos da na difaranshal biyu. Mai da ya koma kalar madara ya sha ruwa. Baƙin ruwan giris da ke tsiyaya a bayan tayar gaba yana nufin sil ɗin akzil ya mutu, man difaranshal ya wanke giris ɗin Birfield. A tsofaffin Land Cruiser sil ɗin da ke tsakanin giyabos biyu yakan saki, mai ya ƙaura daga ƙarami zuwa babba, ka tarar ɗaya ya cika ya tumbatsa ɗaya ya kusa bushewa ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Yawancin tsofaffin nan man giya 75W-90 suke sha, amma sababbi suna da nasu, a bi littafin mota.

Abin da wannan gwaji ya nuna shi zai gyara maka zaɓi. Motar da kulocinta ya kusa ƙarewa, ko take saurin zafi, ko giyar otomatik ɗinta ta fara gajiya, a riƙa kai ta L4 da wuri, tun wurin bai yi tsanani ba. Motar da gabanta ke ƙas-ƙas, L4 ba ta haramta gare ta ba, amma sitiyari a miƙe, ba a fizga, ba a jan kowa, kuma a gyara kafin doguwar tafiya domin H4 ma ba za ta cece ta ba. Wadda sarƙarta ke tsalle ko libarta ke fita, wannan ba ta da ƙafa huɗu sai a suna, kada a shiga da ita inda sai da su ake fita.

Shiga L4 ana yin sa ne mota na tsaye. Mai giyar hannu ya taka kuloci har ƙasa, mai otomatik ya kai babbar liba N. Idan akwai makullin cibiya, a sauka a murɗa duka biyun zuwa LOCK, ba ɗaya ba. A ja ogzilari da ƙarfi ɗaya daga H4 zuwa L4 ba tare da an daɗe a tsakiya ba. Idan ta ƙi, kada a danne ta da gwiwa, a bar mota ta ɗan motsa taku ɗaya haƙoran su daidaita a sake gwadawa. Wajen fita ma haka: tsaya, koma H4, sannan H2. Idan liba ta cije bayan an taka ƙasa mai tauri, murɗewar nan ce ta taru. A yi ribas a miƙe na 'yan mitoci, ko a sa taya ɗaya a kan yashin gefen hanya, za ta saki. Bayan an hau kwalta a mayar da makullan cibiya FREE, a ƙara wa tayoyi iska, idan kuma an ratsa ruwa mai zurfi a duba kalar man difaranshal a ranar, a bi kuros ɗin farfela da giris.